Dodon da Ya Gasu a Sauna

Duk garin Kettle Harbor babu wanda ya kai Reino Kemppainen sanin finafinan dodanni, kuma babu wanda ya kai shi faɗin hakan. Tun da ya ajiye tuƙin motar kwashe dusar ƙanƙara daga kan titi, ya mayar da kujerar bakin taga a shagon kofi ofishinsa. Nan yake zama yana yi wa mutane bayanin yadda ake ɗinka wa dodo wuya, da dalilin da ya sa dodannin finafinan baƙi da fari suka fi na yanzu kwarjini, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba. Yawanci ba a tambaye shi ba.

Al'adar garin ce, ranar Asabar ta ƙarshen Oktoba da rana, a cika tsohuwar sinima a kalli tsohon fim ɗin dodo. Idan fim ya kai tsakiya, sai dodon gari ya ɓullo daga baya ya bi ta tsakanin kujeru, yara su kurma ihu, manya su yi kamar ba su razana ba. Tun Reino yana saurayi tsoho Sulo ke wannan aikin, hotonsa ma na rataye a zauren shiga, sama da injin gugguru. To bana ƙugun Sulo ya gaza, likita ya sa masa na ƙarfe, gurbin dodo ya zama ba kowa. Abin da Reino yake so a duniya ke nan, ya gaji Sulo, a rataya hotonsa a wannan bangon.

Yana cikin zuba wata safiya sai ga Verna Trembath, mai kula da sinimar, ta shigo sayen kofi. Verna ta daɗe tana aikin jinya a asibitin masu haƙar tagulla, ta ga abin da ya fi dodo muni, kuma ba a taɓa jin ta ɗaga murya ba.

"Verna, na taya ki murna," in ji Reino. "Kin samu magajin Sulo."

"Na samu," ta ce. "Waino ya ce zai yi."

Waino ƙanin matar Reino ne, yana zaune a kujera ta gaba yana tsoma busasshen burodi mai kirfa a cikin kofi. Reino ya juya ya ƙare masa kallo.

"Wannan? Da me zai yi? Da fuskar robar nan da ya sayo a kanti?"

"Ta tsorata karena dai," in ji Waino.

"Karenka Nalle ko atishawa aka yi sai ya shige ƙarƙashin gado. Dodo ba a kanti ake sayo shi ba, yaro, haɗa shi ake yi. Ni in na fito, bar ta yara, ke kanki Verna sai kin yi ihu."

Har mai soya ƙwai sai da ya leƙo daga kicin. Verna ta rufe kofinta a hankali.

"To ga shi a gaban mutane," ta ce. "In ka sa na yi ihu, aikin naka ne kowace shekara, hotonka ya hau bango. In ban yi ba, na Waino ne har ya tsufa."

"A fara neman ƙusa," in ji Reino.

Fim ɗin bana na gawar wani sarkin Masar ce da aka nannaɗe da ƙyalle, ta tashi daga kabari tana bin waɗanda suka tone ta. Saboda haka ranar Asabar da safe, Aili matar Reino ta shigo kicin za ta ɗauki fulawar da ta ware wa matan coci, ta tarar da fulawar a cikin bahon wanki, mijinta yana dama ta da sanda. A kan tebur kuma ga tsumma tsibi guda, an yayyanka shi dogo-dogo.

"Reino, wane zanin gado ne wannan?"

"Tsofaffin nan ne."

"Sababbin da 'yarmu ta aiko mana daga Duluth ne."

"To ai yau za su shiga tarihi."

"Kai ma za ka shiga, bari in dawo daga coci. Mene ne wannan kwaɓin?"

Reino ya gyara tsayuwa, don babu abin da yake so irin a tambaye shi. "Fulawa don kauri. Baƙin shayi don launin kabari. Gam ɗin katako kuma don kada naɗin ya warware a tsakiyar aiki, kamar yadda yake yi wa 'yan koyo."

Aili ta dubi bahon, ta dubi mijinta, ta ɗauki jakarta ta fita. A ƙofa ta yi karo da ƙaninta Waino, wanda Reino ya kira ya taya shi naɗi. Wani mutumin ba zai miƙa jikinsa ga abokin takararsa ba, amma Reino bai ɗauki Waino abokin takara ba, ya ɗauke shi ɗan kallo ne da aka yi wa alfarmar koyon aiki kyauta.

Waino kuwa ya yi aikin da zuciya ɗaya. Ya tsoma ƙyalle a kwaɓi ya naɗa, daga idon sawu har wuya, daga wuya har tsakar ka.

"Ƙara matsewa," in ji Reino.

"Mijin yaya, ka tabbata? Gwiwar fa?"

"Ka taɓa ganin gawar da ta shekara dubbai tana lanƙwasa gwiwa? Naɗa kawai."

Waino ya naɗa, ya ƙara wani a kai don kada a ce ya yi rowa. Da aka gama, Reino ya tsaya a tsakiyar kicin yana ɗiga kamar wankin da ba a matse ba. Sai a lokacin ya tuna cewa bayan azahar za a fara fim, rana kuwa ta yi makonni ba ta leƙo garin ba.

"Ba za ka bushe ba kafin Kirsimeti," in ji Waino.

"Kai fa kanka ba ya ja. A garin nan me ba a busarwa a sauna? Safa, albasa, takalmin farauta. Je ka hura wuta."

Saunar Reino na can kusurwar filin gidan, ɗan ɗakin katako da murhun duwatsu inda ake tuɓe kaya a zauna a sha zafi a yi gumi, kuma yana alfahari da cewa tasa ta fi ta kowa zafi a unguwar. Ya shiga ya tsaya, ya miƙa hannuwansa biyu gaba irin na dodon, ya ɗora su a kan sandar shebur da aka gitta masa. Ya hana a watsa wa duwatsun ruwa, ya ce busasshen zafi yake so. Waino ya ja ƙofa, ya zauna a kan kututture a waje, shi da Nalle, yana kurɓar kofi.

Ba a jima ba wani ƙamshi ya fara fitowa ta tsagar ƙofa. Nalle ya miƙe zaune yana karkaɗa jela. Maƙwabciyarsu Misis Maki ta leƙo ta saman shinge tana shinshina iska.

"Waino, Aili ce ke gasa burodi?"

"A'a, mijinta ne."

"Reino ya iya gashi?"

"Ba shi ke gasawa ba, shi ake gasawa."

Can sai aka ji murya daga ciki, kamar ta mai magana a cikin ganga. Waino ya buɗe ƙofa. Ga Reino nan tsaye, ya yi ja-ja gwanin sha'awa, gefen kafaɗarsa da ke kusa da murhu har ya ɗan ƙone. Tsagar idanun ta tsuke, saura ido ɗaya ke leƙowa. Waino ya zare sandar shebur, hannuwan suka tsaya cak inda suke.

"Sauke hannunka mana."

"Ba na so ne," in ji Reino.

"Gwada dai."

Aka ji nishi daga cikin naɗin, amma ko motsi hannuwan ba su yi ba. Waino ya ƙwanƙwasa ƙirjin da ɗan yatsa, ya yi ƙara kamar ƙofa.

"Haka na tsara shi," in ji Reino. "Matsa in wuce."

Ya taho yana jefa ƙafa ɗaya bayan ɗaya daga ƙugu, har ya iso dokin ƙofa. Dokin ƙofar bai fi tsawon yatsa ba, amma sai da gwiwa ake tsallake shi. Reino ya tafi gaba gaba ɗayansa, ya dira a kan miƙaƙƙun hannuwansa, ya tsaya a haka da ƙafa huɗu a kan ciyawa. Misis Maki ta riƙe shinge da hannu biyu don kada ta faɗi. Nalle ya zagayo a natse ya fara lasar diddigen.

"Kore shi! Waino, kore karen nan!"

"Ai tsoronka yake ji, mijin yaya. Haka yake nuna nasa tsoron."

Zama a gaban mota bai taso ba, tunda mutumin ba ya naɗuwa. Waino da mijin Misis Maki suka ɗauke shi kai da ƙafa suka kwantar a bayan a-kori-kura, rigingine, hannuwa biyu suna nuna sama. Nalle ya yi tsalle ya haye, ya kwanta daidai wajen ƙafafun. Motar ba ta kai ƙarshen layi ba tsuntsayen tabki suka ji labari. Waɗannan tsuntsayen ko ɓawon dankali suka hango sai sun biyo shi, balle burodi mai tsawon mutum. Suka taho gungu guda suna kuka, biyu suka sauka a kan hannuwan, ɗaya a kowane hannu, suka fara aiki.

"Waino! Taka mota!"

"Akwai doka a cikin gari!" Waino ya amsa ta taga, ya ƙara rage gudu.

A mahaɗar da ke gaban coci suka tsaya don Fasto Lindqvist ya tsallaka. Faston ya hango abin da ke kwance a bayan motar, fari, a miƙe, ba ya motsi. Ya cire hularsa ya dafe ta a ƙirji, ya matso yana sunkuyar da kai.

"Allah ya ji ƙan rai. Wane ne, Waino?"

"Ina wuni, Fasto," in ji gawar.

Fasto ya yi baya da tsalle ɗaya, ya zauna daɓas a cikin tarin busasshen ganyen da yaran coci suka share, hular ta yi nata wuri.

"Ka gani ko?" Reino ya ɗaga murya da murna. "Malamin addini guda! Tun ban fara ba!"

"Na gani," in ji Waino. "Sai dai ba shi ne Verna ba."

Sun iso sinima an riga an kashe fitilu. Wuri ya cika maƙil, har da masu tsayuwa a baya, don labarin cika bakin ya gama gari, labarin a-kori-kurar kuma ya riga su isowa. Waino ya aro ɗan amalanken da ake ɗaukar firji da shi, ya ɗora Reino a tsaye, ya turo shi har bakin labulen da ke saman hanyar tsakiyar kujeru. Ta ido ɗayan nan Reino ya hango allo. Masu tonon kabari sun ɗaga fitila, murfin akwatin dutse ya fara motsi, kiɗa yana ta hauhawa. Can gaba, a kujerar bakin hanya, ga ƙeyar Verna. Zuciyar Reino ta cika fal da daɗi, har ya manta da ƙaiƙayin da ke cin bayansa.

"Yanzu!" ya ce.

Waino ya karkata amalanke, dodon gari ya sauka a kan ƙafafunsa. Takun farko ya yi kyau, gaskiya. Na biyu ma haka. Reino ya saki gurnanin da ya yi mako yana gwadawa a banɗaki, amma da ya ratso fulawa da gam sai ya fito kamar na mai ciwon haƙori. Kawuna suka juyo.

"Mama, ƙamshin me nake ji?" wata yarinya ta tambaya da ƙarfi.

"Yi shiru, dodo ne."

"Zan iya ci?"

Dariya ta fara daga wannan layin. Tsoho Sulo, wanda aka ba kujera ta musamman saboda ƙugunsa, ya nuna da sandarsa. "Ja ƙafa ake yi, Reino! Ja ƙafa! Wannan ai tafiyar agwagwa ce!"

Reino ya so ya mayar masa da magana, amma akwai abin da ya fi wannan damunsa. Shekara da shekaru yana shiga sinimar nan, bai taɓa lura da cewa daɓen gangare ne ba. Mai gwiwa ba ya lura. Ƙafafun suka fara sauri ba da izininsa ba, dama, hagu, dama, hagu, hannuwa a gaba. Ya kwashe wa wani mutum hula da hannun dama, ya tsoma na hagu a cikin bokitin guggurun matar mai gyaran mota ya tafi da shi.

"Kai! Dawo min da gugguruna!"

"Haka na tsara shi!" in ji Reino yana wucewa.

Sai ga Nalle ya kutso ta ƙarƙashin labule, ya biyo sahun abincinsa a guje, ya cafki wani lanƙwasasshen ƙyalle da tsuntsaye suka ɓamɓaro a diddige, ya ja baya da iya ƙarfinsa. Ƙafar ta tsaya, sauran jikin bai tsaya ba. Reino ya juya sau ɗaya a kan ƙafa guda, ya faɗi ta baya, ya sulale a kan daɓen da man gugguru ya daɗe da mayarwa santsi. Ya wuce Verna, ya wuce layin gaba, kansa ya daki katakon dandamali, ƙum. Can sama a allo jarumar fim tana ja da baya tana rufe baki, nan ƙasa kuma ga dodon gari kwance, hannuwa a sama, ɗaya sanye da bokiti, kare yana cin ƙafarsa.

Sinimar ta kece da dariya. Wasu suna bubbuga kujeru, wasu suna share hawaye, Aili kuwa ta rufe fuska da jakarta amma kafaɗunta suna ta rawa. Aka tsayar da fim, aka kunna fitilu. Verna ta taso ta tsaya a kansa, hannuwa a ƙugu.

"Kin yi ihu?" Reino ya tambaya a hankali.

"Ban yi ba."

"Wataƙila kin yi, hayaniya ce ta hana ki ji."

"Reino, idon nan naka ya yi ja, numfashinka sama-sama yake. Tun yaushe kake cikin wannan abin?"

Ba ta jira amsa ba, ta zaro almakashin jinya daga jakarta, ta durƙusa, ta fara yanka daga wuya zuwa ciki. Naɗin yana ƙaras-ƙaras yana tsagewa. Ta sa yatsu ta ɗaga gefe, ya ƙi ɗagowa. Ta leƙa ciki, ta ɗago kai.

"Me ka saka a ƙarƙashi?"

"Gajeren wando."

"Riga fa?"

"Wa yake shiga sauna da riga?"

Mazan wurin suka gyaɗa kai, don a nan kam gaskiyarsa ce. Amma duk wanda ya taɓa zama da Reino a sauna ya san irin gashin da Allah ya hore masa a ƙirji, kuma gam ɗin katako ya kama kowane sili.

"A jiƙa shi da ruwa," wani ya ba da shawara.

"Babu lokaci, zafi zai kama shi," in ji Verna. Ta naɗe hannun riga, ta dafa gwiwa a gefensa, ta damƙi ɓangaren ƙirjin da hannu biyu. "Ja numfashi."

"Tsaya, Verna, bari mu yi shawa..."

Ta fizge.

Ihun da ya fito daga bakin Reino Kemppainen ba a taɓa jin irinsa a wannan ɗakin ba, ko a allo ko a ƙasa. Ya faro da kauri, ya haura, ya ƙara haurawa har ya zama siriri kamar na butar shayi, bai kuma tsaya ba. Nalle ya saki ƙafar ya shige ƙarƙashin kujeru. Yara suka ƙanƙame iyayensu. Verna kuwa, da kunnenta ke dab da bakin, ta yi baya ta zauna a ƙasa, ɓawon ƙirjin a hannunta da gashinsa baƙi ƙirin.

"Wayyo Allah!" ta kurma ihu.

Sai Sulo ya buga sandarsa a daɓe.

"Ta yi! Na ji da kunnena, kuma da mai kyau ɗin na ji!"

Reino yana kwance, hawaye na gangarowa cikin naɗin, ƙirjinsa jawur babu ko sili ɗaya, amma bakin bai mutu ba. "Kun ji ko? Jama'a ku shaida! Me na faɗa muku a shagon kofi?"

Verna ta miƙe ta kakkaɓe siket ɗinta. "Na yi, ba zan musa ba. Magana ɗaya ce, aikin naka ne. A kira mai hoto ya ɗauka yanzu, yadda yake ɗin nan." Aka ɗauki tafi da fito. Ta ɗaga hannu aka lafa. "Amma abin da ya sa ni ihu, shi za a riƙa yi. Kowace shekara a naɗe shi, a gasa shi, a kawo shi nan gaba in ɓamɓare."

"A sake! A sake!" yara suka ɗauka.

Idon Reino guda ya yi ta yawo har ya samo Waino a cikin taro.

"Waino, ƙanina," ya ce da wata murya mai laushi da ba a san shi da ita ba. "Na yi tunani. Aikin nan na masu jini a jika ne. Kai ka fi dacewa."

"Ina ni ina gadon Sulo, mijin yaya? Ka ci abinka da guminka. Ni dai a bar min hura wuta."

Mai hoto ya haska fitilarsa. Verna ta ɗauki almakashinta ta sake durƙusawa.

"Waino, zo ka taya ni juya shi. Saura baya."

"Ki riƙe da kyau, Verna," Aili ta ɗaga murya daga kujerarta. "A can ne ma gashin ya fi yawa."